Wuyan Hannuna da Tulun Yashi

Ƙarar injin ce ta mutu a bayana. Da ma ina jin ta tun daga gindin kuka, tana biye da ni a hankali. Na ratse gefe na ba ta hanya, ba ta wuce ba. Na ƙara ratsewa har ƙaya ta kama mini zane. Sai ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. A hanyar nan da ta ratsa cikin giginya, tsakanin lakwal, makarantar da nake koyarwa, da unguwarmu ta bakin gulbi, babu abin da zai tsayar da mota da tsakar rana. Ba gida, ba rumfa, ba rijiya. Ban waiwaya ba. Na ji an buɗe ƙofa, ban ji an rufe ba. A nan jikina ya ba ni cewa ni ake nema.

Bara ke nan, farkon kakar gyaɗa. Shekarata goma sha tara, ban daɗe da dawowa Gaya daga kwaleji a Yamai ba, an ba ni ƙananan ƴan mata ina koya musu baƙi da wasali. Ranar ina rungume da littattafan rubutunsu, zan kai gida in duba.

"Ƴar lakwal," ya ce. "Tsaya mana, a gaisa."

Na san muryar. Direba ne, mai tuƙa wani kamiyo kore da ke ɗaukar gyaɗa da goro. Siriri ne, ba wani ƙato ba, kullum da hular ulu ko ana zafin fasa dutse. Na ƙara sauri. Taku uku ya yi ya cim mini, ya kama wuyan hannuna na dama. Littattafan suka zube a rairayi.

"Wannan ne hannun da ya riƙe takardar?"

Na fizga. Na sake fizga da duk abin da Allah ya ba ni, na kafa ƙafa, na ja da baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne bai ma san ina ja ba. Da hannu ɗaya ya riƙe ni. Da ɗayan ya zaro taba daga bayan kunnensa ya sa a baki, yana lalube aljihu yana neman ashana. Warin gazuwal, man motarsa, da zufa ya cika mini hanci. Da bai samu ashanar ba sai ya dube ni kamar ni na ɓoye ta, ya murɗa. Na ji abu ya yi ƙas a ciki. Ban yi ihu ba. Muryar ce ta ƙi fita, ni da ake jin karatuna daga bayan aji.

Jakuna ne suka cece ni. Wasu manoman Tanda sun taso daga kasuwa, ana jin hayaniyarsu kafin a gan su. Ya sake ni, ya goge tafinsa a wando.

"Yanzu ina da kayan Dosso," ya ce. "Har a gama gyaɗa ina can. In ruwa ya janye zan dawo mu ƙarasa karatun. Ki adana mini hannun."

Ya hau motarsa. Ni kuma na durƙusa ina tsince littattafan yara da hagu, ina kakkaɓe musu rairayi, don kada manoman su ga komai.

Ga abin da na yi masa.

A bakin gulbi, inda motoci ke jiran bak, jirgin fito, ya tsallakar da su ƙasar Dahome, akwai wata inuwa da direbobi da fatake ke zama. Akwai kuma wani tsohon tafinta da ya bar aikin Nasara, shi ke karanta wa mutane takardun Faransanci. Yana da yadda yake yi, kowa ya sani sai ni. Zai karanta da ido tukuna har ƙasa, bakinsa rufe. In alheri ne ya faɗa a gaban kowa, a yi barka. In ba alheri ba ne sai ya ninke takardar, ya yi gyaran murya, ya ce wa mai ita, "Zo mu zaga, rubutun nan ƙanana ne, sai da haske." Kowa ya gane, kowa ya kau da kai.

Wata rana tsohon bai fito ba, yana fama da ƙafa. Na zo wucewa da saƙon Baba, sai direban nan ya ɗaga wata ambulan ya ce ga ƴar lakwal, ta zo ta nuna mana abin da aka koya mata a Yamai. Aka yi dariya. Ni kuwa na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A kwaleji an koya mana mu miƙe tsaye, mu ɗaga murya, kada mu tsallake ko ɗigo, kada mu tsaya a tsakiyar jimla. Haka na yi. In karanta layi da Faransanci, in juya shi da Hausa. Mai motar ne ya aiko daga Faraku. Matar da ka buge a hanyar Kandi ka wuce ba ka tsaya ba, ta rasu. Jandarma na tambaya. Kada ka tsallako, ka zauna ɓangaren Gaya har magana ta kwanta. Bakina ya riga kunnena. Kafin in gane me na faɗa, na faɗa. Kuma na ƙarasa har gaisuwar ƙarshe, don ban iya tsayawa a tsakiya ba.

Babu wanda ya kai shi ƙara. Mutanen mota ba sa kai nasu gaban Nasara. Amma mata masu soya kifi suka daina amsa gaisuwarsa, fatake biyu suka janye kayansu daga motarsa, in ya zauna a inuwar sai hira ta mutu. Na yi wauta, na sani. Amma shi ya kashe mace ya bar ta a hanya kamar kare. Ni karatu kawai na yi.

Da na isa gida da hannu a kumbure, Baba ya kira maɗori, aka ɗaure da kara da tsumma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya zauna a bakin ƙofa yana ta cewa, "Uwata, Uwata," kamar sunan zai ɗora ƙashin. Da la'asar ya saka babbar riga ya tafi wajen shugaban ƴan mota. Ya dawo da goro ƙwarya guda da kalma ɗaya: a yi haƙuri.

"Mu je wajen kumandan," na ce.

"Ofishin Nasara mai ƙara da wanda aka kai ƙara duka yake haɗiyewa," in ji Baba. "Za su tambaye ki me ya kai ɗiya mace cikin giginya ita kaɗai. Sunanki za a ja a ƙasa. Kuma goron da nake ci da ku da shi, motocin mutanen nan ke kawo shi. Ki yi haƙuri, Uwata. Zan riƙa raka ki."

Ya raka ni kwana tara. Ran na goma kaya suka iso masa.

Ban ga laifinsa duka ba, amma goron nan na tsane shi. Na ɗauki ƙwaryar da hagu na juye wa awaki.

Kakata tana kallo daga ƙofar ɗakinta. Ita ce mai sunan, takwara take ce mini. Babu wanda ya san shekarunta. Ta ce da wayonta Nasara na farko ya iso bakin gulbin nan. A kwarin gishiri na wajen Bana ta tashi, cikin matan da ke kankare ƙasa mai gishiri, su ɗauko ta a ka, su ɗebo ruwa su tace, su dafa. In ta ji haushi da Dendanci take zagi. Tun ina yarinya nake ganin wani abu da take yi kowace safiya bayan salla, ina ɗaukar shi cikin rigimar tsufa. Tana da wani tulu baƙi a bayan rumbu, cike da yashi. Takan tsuguna, ta rungume shi, ta kai gwiwa, ta kai ƙirji, ta kai ka, ta sauke. Sau bakwai. Sannan ta je ta sha kunu.

Ranar da aka kwance mini ɗori ta kira ni bayan rumbu. Ta kama hannun ta jujjuya shi kamar mai taya kaza.

"Wannan hannu ne ko tsinken tsire? Shekara nawa kina Yamai, mi suka ba ki kika ci?"

"Karatu muka yi, Kaka."

"Na ga karatu. Ga shi nan ya kumbura." Ta saki. "Mi kike so yanzu?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita. Na ce ina so in ji ƙashinsa ya yi ƙarar da nawa ya yi. Na zaci za ta ce in ji tsoron Allah. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani tulu, babu komai ciki, ta dire a gabana.

Ta ce haka ake yi a kwarin gishiri. Yarinyar da za ta fara aiki, da macen da ta tashi daga jego, da wadda ciwo ya kwantar, ba a ɗora musu kaya. Tulu ake ba su, fanko. Kowace safiya mace ta ɗebi ƙasa cikin tafin hannunta ɗaya ta zuba, ta ɗaga sau bakwai. Gobe ta ƙara tafi ɗaya. Ba biyu ba. Ran Juma'a a huta. Kafin tulun ya cika, ta zama mai ɗaukar kaya ba ta san ranar da ta zama ba. Ita kuma da ta bar aikin ba ta bar tulun ba, don ta ga abin da zama ya yi wa tsararrakinta.

"Da hannun da aka murɗe za ki ɗebi yashin," ta ce. "Shi ke da magana."

Na yi dariyar raini da na ga tulu fanko. A ɗagawa ta biyar hannun ya fara rawa, a ta bakwai na kusa sakin shi a kaina. Kaka tana zaune a turmi tana gyara ni da kara. Ware ƙafa. Tsuguna, kada ki sunkuya, ke ba mai tsintar gyaɗa ba ce. Matso da shi jikinki kamar ɗa. Fitar da numfashi in kina tashi. Ƙafa ke ɗagawa, takwara, hannu riƙo kawai yake yi.

Kowace ɗagawa ina ba ta suna a zuciyata. Wannan yatsunsa ne. Wannan haƙoransa. Wannan hular. Wannan tabar da ya sa a baki yana riƙe da ni. Bakwai ba ta isa ta ƙare shi, sai in fara daga inda na tsaya washegari. Wata safiya Kaka ta ga bakina yana motsi.

"Addu'a kike yi?"

"A'a."

"To. Ki ƙi shi da kyau, ban hana ki ba. Amma miƙe bayanki."

A mako na huɗu na yi mata sata. Na ga tulun ba ya cika, na ga ruwan gulbi ya fara nuna alamar tsayawa, na ƙirga watanni. Sai na riƙa zuba tafi uku, huɗu, in ta juya baya. Kwana biyar na yi haka. Ran na shida wani abu ya soke ni a ƙugu, na kasa miƙewa, na yi kwana uku ina tafiya kamar mai neman allura. Kaka ta gasa mini wurin da tsumma da ruwan zafi. Da na warke na koma bayan rumbu, na tarar ta zubar da rabin yashin.

"Kaka, aikin wata guda ne fa!"

"Aikin ɓarauniya ne. Kin zaci ban san nauyin tulun da na gina da hannuna ba? Jiki ba ya karatun dare ɗaya irin naku na lakwal. Ɗebo tafi ɗaya."

Na yi kuka don haushi, na ɗebo tafi ɗaya.

Ba tulun kaɗai ba ne. Ta karɓe gugan gidan daga hannun kowa ta ce ni zan riƙa ja. Ta ba ni taɓaryarta ta ƙirya, mai nauyin jaki. In an yi wanki ni ke matse zannuwa, ta bi ta sake matsewa, in ɗigo ya fito ta jefa mini a fuska. Sai kuma abin da na fi tsana. Ba ta sanarwa. Ina cin tuwo, ko ina alwala, ko ina duba littattafan yara, sai in ji ta cafke wuyan hannuna na dama. Ran farko na ƙwala ihun da ban yi a cikin giginya ba, na amayar da abin da na ci. Ba ta saki ba. Yatsunta kamar saiwar kuka.

"Kina ja baya," ta ce. "Kowa baya yake ja, shi ya sa ake riƙe shi. Dube ni. Yatsu huɗu suna nan gefe ɗaya, babban yatsa shi kaɗai ne a nasa gefen. Ta wajensa za ki fita. Matso kusa da ni, juya, ki fita ta kansa."

Ta ce masu sayen gishiri maza ne, daga nesa suke zuwa, kuma kwarin ba mai jin ihu. Kowace yarinya a can, kafin a koya mata dafa gishiri, sai an koya mata wannan. Ban tambaye ta ko ta taɓa amfani da shi ba. Ta ce wani Bakabe ya koma gida yana cin tuwo da hagu, ta ci gaba da tsince wake.

Akwai abubuwan da suka zo da ban nema ba. Na dawo daga Yamai da ciwon baya na zaman benci, ya tafi ban san ranar ba. Na fara cin abinci kamar manomi, har Inna ta ƙara awo. Alli ya daina faɗuwa daga hannuna. Ranar da wata ɗalibata ta faɗi da zazzaɓi a aji, na saɓa ta har gidan likita ban sauke ba, sai da na dawo na tuna ashe da ba zan iya ba. Na kuma fara lura da Kaka da sabon ido. Tana tashi daga tabarma ba ta dafa ƙasa. Maƙwabciyarmu, wadda Kaka ta girme ta nesa, sai an kama ta ake tayar da ita, ko bayan gida sai an raka ta. Wata rana ta leƙo ta katanga tana mana tsiya, wai gidan nan an koma kokawa. Kaka ta ce ta shigo in ta isa. Aka shigo da ita. Aka ba ta ƙaramar tukunyar miya, fanko. Kafin zafi ya shigo tana zuwa da ƙafarta, tana zuba tafinta ɗaya tana zagin Kaka.

Amma kada in yi ƙarya, tsoron bai tafi ba. Ko jirgin sama ya wuce sai in waiwaya. Na daina bin giginya, ina zagayawa ta kasuwa, tafiyar ta ninka. Ƙarfin da ƙiyayyar da tsoron tare suka girma, a ɗaki ɗaya. Kullum in na je ɗiban ruwa sai in dubi wani dutse da ke tsakiyar gulbi. Da farko ba a ganinsa. Sai kansa ya fito. Sai tsuntsaye suka fara sauka a kai. Ranar da na ga mata suna shanya a kansa, na san lokaci ya yi. Tuluna saura kamu ɗaya ya cika.

Ran kasuwa ne, da hantsi. Kaka ta aike ni bakin gulbi in karɓo mata buhun shinkafa wajen wani mai kwalekwale. Na ɗora a ka, na biyo ta bayan rumfunan masu kifi, inda ake jan jirage a kife su a taɓo. Ban ji mota ba wannan karon. Warin gazuwal na fara ji.

"Ƴar lakwal. Har dako kike yi yanzu?"

Na sha tsara abin da zan faɗa masa. Wata biyar ina tsarawa, da Hausa da Faransanci. Ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Na sauke buhun, ban jefar ba, na tsuguna na dire shi yadda aka koya mini, ban san dalili ba. Ina miƙewa ya kama hannun. Wuri ɗaya, riƙo ɗaya.

"Kin adana mini shi kuwa."

Ni ban yanke shawarar komai ba. Jikina ne ya ji an cafke shi kamar yadda ake cafke shi kullum a kan tuwo. Na matsa kusa da shi, na juya, na fita ta kan babban yatsan. Na ga hannuna a sake, na ga mamaki a fuskarsa. A nan ne na dawo cikin kaina, kuma abin da ya biyo baya da sanina na yi shi. Ina so a rubuta haka. Na kama yatsan nan da hannu biyu, hannun matse zane, na lanƙwasa shi baya. Na ji ƙarar. Ta fi tawa. Ya buɗe baki, ya kai mini duka da hagu ya same ni a kunne. Na tsuguna, na ware ƙafa, na rungumi cinyoyinsa na matso da su jikina, na fitar da numfashi. Ban kai shi ka ba. Ko ƙirji ban kai shi ba. Gwiwa kawai na kai shi, ƙafafunsa suka bar ƙasa, na sake shi a taɓo da baya. Hular ta yi nata wuri.

Na danne hannun da gwiwata. Masu kifi suka taso da ludaya da wuƙaƙen fira, suka kewaye mu, ba wadda ta ce in tashi. Wata ta ce, "Riƙe shi, ɗiyata, mai nake saukewa daga wuta." Daga inda nake ina hango rumfar duwan, ta ƴan kwastan, da jandarma biyu a tsaye suna duba takardun masu shiga bak. Muryata ta dawo. Na ɗaga ta yadda aka koya mana a Yamai, na karanto takardar nan daga ka, da Faransanci zalla, tun daga matar hanyar Kandi har gaisuwar ƙarshe. Wancan karon wauta ce. Wannan karon na jira har na ga sun juyo, na sake daga farko.

Suka tafi da shi yana riƙe da hannu yana kiran uwarsa. Na ɗauki buhun Kaka na kai gida. A tsakar gida na zauna a ƙasa, haƙorana suna haɗuwa ana tsakiyar zafi.

Kwana huɗun da suka biyo sun fi wata biyar ɗin tsawo. Yana tsare a nan Gaya, tafiyar ƴan mintuna daga ɗakina. Labari yana shigowa iri-iri. Wai mai motar ya aiko a yi magana. Wai babu takarda, don ya ƙone ta tuni, maganar yarinya ce kawai. Wai ni za a kira in amsa laifin karya yatsa. Ƴan mota suka daina gaida Baba, suka ce ɗiyarsa ta kai nasu hannun Nasara. An kira ni sau ɗaya, na faɗi abin da na karanta, wani ya rubuta bai ɗago ya dube ni ba, ya ce in tafi za a aika tsallake a tambaya. Ban je lakwal ba. Na san in aka sake shi ba hannu zai kama ba, kuma babu tulun da ke tare wuƙa. Na faɗa wa Kaka haka. Ba ta musa ba. Ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofata, ta ajiye taɓarya kusa.

Ban yi nadama ba, ko ta ƙwayar gero. Inna ta ce in nemi gafarar Allah, na nema a kan abubuwa da yawa, ban sa yatsan a ciki ba.

Ran na biyar, bayan azahar, Baba ya shigo ko takalmi bai cire ba. Rigarsa ta jiƙe da zufa. Ya tsaya a tsakar gida yana haki.

"Uwata. Fito."

Na fito na tsaya a bayan Kaka.

"An tsallaka da shi. Jandarman Dahome suka zo da kansu, da mijin matar, ya nuna shi. Da idona na gani, na tsaya har bak ya kai wancan gefe, har aka sa shi a mota. Ba zai dawo ba, Uwata. Shekaru ne. Kin tsira."

Inna ta fara guɗa ta katse, ta koma hamdala. Ni na tsaya ina jiran in ji sauƙi ya sauko, bai sauko ba.

"Baba, ya yi kuka?"

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ya yi kuka?"

Baba ya dubi mahaifiyarsa. Ta ɗaga masa gira, ita ma tana jira.

"Ya yi," ya ce a hankali. "Tun daga rumfar duwan har cikin ruwa."

Na ce ya zauna ya ba ni labarin daga farko, kada ya tsallake komai.